Kwandalar da Ba Ta Taɓa Shiga Kasuwa Ba

Sai da yayana ya wanke hannu, ya goge, ya zura farar safar auduga, sannan ya sauko da akwatin daga saman durowa. Na zaci takardun gida zai nuna mini. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan yana zaune a jihar Ohayo ta Amurka, ni kuwa zuwana na farko ke nan, duk abin da ya ce in zo in gani da sauri nake tasowa. Da ya ɗaga murfin sai ga kwandaloli sahu-sahu, kowace a cikin gidanta na roba, kowace ɗauke da kan mutum guda, tsohon shugaban Amurka John F. Kennedy. Ya zaro ɗaya wadda gidanta ya tsage, ya karkata ta wajen fitila. Filin kwandalar ya yi baƙi ƙirin kamar ruwan rijiya mai zurfi, kan Kennedy kuma ya fito fari sol, kai ka ce gari aka barbaɗa masa. Ya ɗan juya ta, baƙin ya koma haske, na hango ƙwayar idona a ciki. Na kai hannu.

"Kul! Ta gefe ake riƙe ta. Kuma kada ka yi magana a kanta, ko ɗigon yawu ya taɓa ta sai ya bar tabo."

Uwargidansa tana tsaye a bakin ƙofa da farantin shayi. Akanta ce, lissafin gidan ma a hannunta yake. Ta ce, "Alhaji, in ka gama nuna masa fuskar, ka nuna masa rasit."

Gardamar da ta tashi a daren nan ba ta kwanta ba har na baro ƙasar. Ni da na je hutu sai na koma alƙalin da ba wanda ya naɗa, kowa na jan rigata ya ba ni nasa bayanin.

Abin da ake jayayya a kai rabin dalar Amurka ce, wato santi 50. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kada su ɗauka dalarsu ce ta sefa biyar. Amma ba irin wadda ake ba da canji da ita ba ce. Bugu ne na musamman da masu harkar ke kira furuf, ni kuwa bugun madubi na fi so in ce. Ana goge ɗanyen faifan azurfar har ya yi sheƙi, a goge hatimin da zai buga shi, a bar wuraren zane da ɗan kaushi, sannan a danna aƙalla sau biyu da ƙarfi, don kowane silin gashin Kennedy da kowane gashin fiffiken gaggafar da ke baya ya fito sarai. Ba a zuba ta a buhu ta gogi 'yan uwanta. Daga inji sai gidan roba. Tun 1968 reshen San Faransisko na gidan buga kuɗin Amurka ne ke yin bugun madubi na kowace shekara, shi ya sa za ka ga ƙaramin harafin S a ƙarƙashin wuyan mutumin.

Rabin hujjar yayana tarihin kwandalar ne, don haka dole a bi ta kansa. An harbe Kennedy a Dalas ranar 22 ga Nuwamba 1963. Kafin shekarar ta fita majalisa ta amince a sa kansa a kuɗi, aka sauke Benjamin Franklin wanda ke kan rabin dala tun 1948. Sai da aka yi doka ta musamman, domin ƙa'idar ƙasar ita ce zane ya shekara 25 kafin a taɓa shi, na Franklin kuwa bai kai ba. Matar mamacin, Jacqueline, rabin dala ta zaɓa, don ba ta so a ture George Washington daga kan santi 25. Gilroy Roberts ya yi fuskar, Frank Gasparro ya yi bayan, kuma sun gama cikin 'yan makonni ne saboda suna da zanen wata lambar girmamawa da suka yi wa shugaban tun yana raye. Ranar 24 ga Maris 1964 aka fara fitar da ita. A baitulmalin Washington guda 70,000 aka tanada, aka ce kada a ba kowa fiye da 40, amma kafin a tashi aiki babu ko ɗaya, layi kuma bai ƙare ba.

An buga sama da miliyan 400 masu ɗauke da shekarar 1964, kasuwa ba ta gan su ba. Wasu juyayi ya sa suka adana, wasu azurfa, domin kowace giram 12.5 ce kuma kashi 90 cikin 100 azurfa ce, farashin azurfa kuwa hawa yake. A 1965 aka yi dokar da ta cire azurfa daga santi 10 da santi 25, ta rage ta rabin dala zuwa kashi 40, daga 1971 kuma sai jan ƙarfe da nikel zalla. Wanda ya ji labarin yadda sulallan azurfa na zamanin Turawa suka ɓace a ƙasarmu bayan 1920, da aka kawo na gauraye, har suka koma mundaye da zobba a hannun maƙeran fari, ba ya bukatar dogon bayani. In kuɗi biyu darajarsu ɗaya a bakin mai kanti amma ɗaya ya fi ɗaya a tukunyar maƙeri, mai kyan shi ake binnewa, a kashe ɗayan. Kafin ƙurar ta lafa Amurkawa sun saba da rayuwa ba rabin dala, har akwatin kuɗin kanti ma ba a cika barin mata gurbi ba. Daga 2002 aka daina buga ta don kasuwa, sai a 2021 aka ɗan koma. Azurfa kuwa ta dawo ne a 1992 ta ƙofar baya: gidan buga kuɗi ya fara sayar da saiti na shekara-shekara, wanda santi 10 da santi 25 da rabin dalar cikinsa azurfa ce kashi 90, bugun madubi, don masu tarawa kaɗai. A 2019 aka ɗaga tsarkinta zuwa kashi 99.9. Waɗannan ne cike da akwatin yayana.

To, me ya sa mutum mai hankali, mai iyali, zai riƙa sayen santi 50 da kuɗin da ya ninka hakan sau hamsin ko fiye?

"Malam, wani tattabaru yake kiwo, wani doki, wani agogo," in ji shi. "Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Nawa ba ya ci, ba ya sha, ba ya ciwo." Ya ce abin da ya ja shi tun farko shi ne hanyar tana da ƙarshe. Tsofaffin kuɗaɗen Amurka na ƙarni na 19 akwai waɗanda guda ɗaya sai mai gidan bene, talaka zai mutu bai cike sahunsa ba. Wannan kuwa ɗaya ce a shekara tun daga 1992, ma'aikaci mai albashi zai iya bin bashin shekarun baya a hankali ya cike, sannan duk shekara ya ƙara ɗaya. Ya nuna mini gurbin shekarar da aka haifi babban ɗansa, da gurbin shekarar da mahaifiyarmu ta rasu. Ban yi tsammanin wannan ba. Akwatin ya zama masa wani irin kalanda, kuma a nan na ji bakina ya yi nauyi.

Sannan ya koma ga kuɗi, don ya san nan uwargida za ta tare shi. Ya ce waya in ta shekara biyar shara ce, mota kullum faɗuwa take, wannan kuwa tana da dandamalin da ba za ta nutse ƙasa da shi ba. Kowace ta kashi 90 tana ɗauke da giram 11.25 na tsantsar azurfa, kashi ɗaya cikin uku na oza da ɗoriya, kuma gwamnati ce ta tsaya wa nauyin da tsarkin. Ga ƙaranci: inda ake buga kuɗin kasuwa da ɗaruruwan miliyoyi, ta 1995 ba ta kai 700,000 ba, ta 2012 ba ta kai 400,000 ba. Duk lokacin da azurfa ta yi tashin gwauron zabi, kamar a Janairun 1980 da wasu 'yan uwa na gidan Hunt suka nemi kame kasuwar har oza ta kusa dala 50, ko a Afrilun 2011 da ta sake kusantar hakan, kuɗaɗen azurfa masu yawa tukunya suke tafiya, abin da ya rage sai ya ƙara ƙaranci. Kuma akwai waɗanda suka ci riba da gaske. A 1998 an yi wata rabin dalar azurfa mai dusasshiyar fuska, aka sayar da ita tare da dalar tunawa da Robert Kennedy, ƙanen shugaban. Wajen 62,000 kawai aka yi, kuma har yau farashinta ya yi wa nauyinta nisa.

Uwargida ta bar shi ya gama tsaf. Sai ta jawo bayan wata ambulan ta ɗauki biro.

"Ƙanin miji, kai ne alƙali, duba nan." A 1992 dala 21 aka sayar da saitin. Azurfar da ke cikin kwandaloli ukun gaba ɗaya oza 0.61 ce. A shekarar nan oza tana wajen dala 4. Wato mutum ya ba da dala 21 ya karɓi azurfar dala biyu da rabi, sauran kuɗin ido ne da kwali. Kafin ƙarfen kaɗai ya mayar masa da uwar kuɗinsa sai oza ta kai dala 34, abin da bai faru ba sai 2011, bayan shekara 19, ba a ma yi maganar yadda dala ta zube a tsakani ba. Da dala 21 ɗin nan ya sayi azurfa tsurarta, wadda ba zane ba sheƙi, da kusan oza biyar ya samu, ninki takwas ke nan. Yayana ya ce ai azurfa ta tashi kuma za ta ƙara tashi. Ta ce ko sama ta bakwai ta kai, mai oza biyar ne zai riga mai rabin oza dariya. Saitin ma bai tsaya a dala 21 ba, a 2021 dala 105 ne. Kuma ranar da aka sayar aka ci riba, hukumar haraji na jiran nata, don a Amurka ribar kayan tarawa harajinta na iya kaiwa kashi 28 cikin 100, sama da na hannun jari.

Wannan lissafi ba shi da ƙofar fita, kuma na ga yayana ya sani. Amma ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba. Maganar ƙarancin ce na yi kwanaki ina juyawa.

Tsohuwar kwandala tana tsada ne saboda ta sha wuya. An buga miliyan, aka kashe su a kasuwa, suka goge, suka faɗa rijiya, aka narka wasu, gobara ta ci wasu, bayan shekara ɗari aka waiwaya sai ga 'yan ƙalilan da suka tsira da kamanninsu. Ba wanda ya shirya hakan. Ita kuwa bugun madubi ta zamani, tun ranar haihuwarta a kulle take. Duk wanda ya saye ta ya saya ne don ya adana, ya sa a durowa, ya hana yara taɓawa. In an yi 700,000 a 1995, mafi yawansu suna nan garau kamar jiya aka buga. Ƙarancin abu ba a ƙidayar haihuwa yake ba, a tsakanin yawan masu nema da yawan abin da ke ƙasa yake. Misali na nan a fili. A 1982 Amurka ta dawo da buga kuɗin tunawa bayan hutun da ta yi tun 1954, ta fitar da rabin dalar azurfa mai hoton George Washington a kan doki, don cikarsa shekara 250 da haihuwa. Kyakkyawa ce, Elizabeth Jones ta zana. Jama'a suka yi rububi, aka sayar da bugun madubi kusan miliyan 5. Bayan shekara arba'in, kusan a kan nauyinta ake cinikinta, don ko wane shagon kuɗi ka shiga tana nan jibge.

Kwatanta wannan da wani abu da ya faru a 1964 ba da niyya ba. Da aka nuna wa Jacqueline gwajin farko, sai ta ga gashin mijinta a saman kunne ya yi kauri da yawa, aka sassauta zanen. Amma an riga an buga wasu na madubi da hatimin farko, suka shiga cikin saiti kusan miliyan 4 na shekarar ba wanda ya ware su. Masu tarawa ne suka gano daga baya, suna bin silin gashin da gilashi, suna duba wani harafi a rubutun gefe da ƙafarsa ɗaya ta guntule. Wannan farauta ce ta gaske: kana iya sayen saiti a farashin kowa, ka je gida ka tarar da mai kaurin gashi. Abin da gidan buga kuɗi ke yi yanzu daban ne. Shi ke yanka adadi tun kafin a buga, shi ke shelar cewa kaɗan ne, shi ke sa farashi. Mai kaya ne ke ƙirƙirar yunwar kayansa. A wasu shekarun ma ƙarancin ba wata hikima ba ce, mutane ne ba su saya da yawa ba, wanda shi kansa labari ne game da yawan masu nema.

Ko ribar da aka ci, kama ta da wuya. Saitin azurfa na 1999, shekarar da aka fara kwandalolin tunawa da jihohin Amurka 50, an sayar da shi dala 31.95, ya haura dala 300 a lokacin zafin abin, sannan ya sauko ƙasa da rabin haka. Wanda ya saya daga gidan buga kuɗi ya sayar a kan lokaci ya sha romo. Wanda ya ji labarin romon ya shigo daga baya shi ya biya kuɗin naman.

Inda na daina zama alƙali na zama mai ƙara shi ne wajen maki. Tun 1949 wani likita, William Sheldon, ya tsara ma'aunin lafiyar kwandala daga 1 zuwa 70, don tsofaffin santin jan ƙarfe ya yi shi. A 1986 aka kafa kamfanin PCGS, a 1987 aka kafa NGC, aikinsu su duba kwandala, su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta maki, su rufe ta a roba da lamba. Ga tsohon kuɗi wannan alheri ne, don a da cinikin biri a sama ake yi, dillali ya ce kayansa sun yi kyau kai kuma ba ka da abin musu. Amma me za a tantance a kwandalar da ta fito daga inji jiya, ba hannun da ya taɓa ta? Kusan duka 69 suke samu ko 70. Bambancin kuwa wani ɗan ƙwarzane ne da ido ba ya gani sai da gilashi mai ninka girma sau biyar. Yayana ya ajiye mini biyu 'yan shekara ɗaya, ya rufe takardunsu da yatsa, ya ce in nuna mai 70. Na duba, na sa tabarau, na ɗauki gilashinsa, na zaɓa. Na faɗi. Ya yi dariya ya ce shi ma sau biyu yana faɗuwa. Amma mai 70 ɗin ya saye ta ninkin-ba-ninkin kuɗin ɗayar, wani dare da barci ya ƙi zuwa yana kallon masu talla a talabijin. Kuma makin ba ya tsayawa wuri ɗaya a kasuwa, don kullum ana aika sababbi ana tantancewa, yawan masu 70 na ƙaruwa, farashinsu na sauka.

Har da wata takarda da ake liƙawa, wai fitowar farko, ga duk wadda ta isa kamfanin cikin kwana 30 da fara sayarwa. Ba ta nufin ita aka fara bugawa. Kwandalar ɗaya ce, takardar ce ake saye. A Agustan 2014, da aka cika shekara 50 da fara rabin dalar Kennedy, gidan buga kuɗi ya fitar da ta zinariya a kan dala 1,240, ya kai wasu babban taron masu tara kuɗi a Rosemont, kusa da Shikago. Dillalai suka ɗauki hayar mutane su kwana a layi, don a samu waɗanda za a liƙa wa takardar cewa a wurin taron aka saye su. Cunkoso ya yi yawa har aka dakatar da sayarwa. Daga baya aka sayar da sama da 70,000 ta hanyar oda, zafin ya huce, farashin ya gangaro ya nufi nauyin zinariyar.

Na raka yayana wani shagon kuɗi ranar Asabar, da 'yan kwandaloli shida da yake da biyu-biyunsu, yana so ya musanya su da wadda ba shi da ita. Mai shagon dattijo ne, gilashi na rataye a wuyansa. Ko ɗaga gilashin bai yi ba. Ya ƙirga su da ɗan yatsa, ya leƙa farashin azurfa na ranar a kwamfuta, ya danna kalkuleta, ya juyo mana da ita. Kuɗin nauyi ne, an ɗan zaftare. Yayana ya ce ai bugun madubi ne. Dattijon ya jawo wata durowa ya nuna mana irinsu cike, ya mayar ya rufe. Ɗaya ma ya tura ta gefe, wai ta yi farin tabo kamar an ɗiga mata madara. Cuta ce da ke fito wa azurfar zamani a cikin robarta ba tare da kowa ya taɓa ba, kuma ba a gogewa, don duk kwandalar da aka goge ta mutu a idon masu saye. A mota ba wanda ya ce uffan har muka wuce danja uku. Wani abin da na lura da shi a shagon, da kuma wani ƙaramin baje kolin kuɗi da muka je washegari, shi ne furfura. Kusan duk wanda ke sunkuye a kan tebur ya girme ni. Akwatunan nan wata rana magada ne za su kawo su kanti, su kuwa kalkuleta za su nema.

Da a nan zancen ya tsaya da na ce uwargida ta yi kaye. Sai dai da daddare yayana ya samu nasa makamin. Ya ce, "Hajiya, sarƙar nan da 'yan kunnen da kika sayo a Dubai, nawa ne kuɗin zinariya, nawa ne kuɗin aiki?" Duk macen da ta taɓa kai gwal kasuwa ta san amsar: ranar saye ana biyan nauyi da aiki, ranar sayarwa sikeli kaɗai ke magana. Ba wadda ta taɓa cewa don haka ado wauta ne, a riƙa rataya dunƙulen gwal a wuya. Kuɗin aiki kuɗin jin daɗin ido ne, an san ba ya dawowa, an kuma yarda. Uwargida ta ce ita aƙalla tana sa nata ta je biki a gani, nasa kuwa a durowa yake sai an sa safar hannu. Ya ce shi ma duk daren da ya dawo aiki a gajiye ya buɗe akwatin, bikinsa ke nan. A nan na ga ma'auninta ya gaza. Biro da ambulan suna iya faɗin abin da aka yi asara, ba su iya faɗin abin da aka saya.

Ga inda na sauka, in za a karɓi hukuncin baƙo. Wanda ya ce yana tara rabin dalar azurfa bugun madubi don ya tsare dukiyarsa ko ya bar wa 'ya'ya jari, ya ɗauki hanya mai tsada zuwa wurin da ake zuwa da araha. Azurfa tsura ta fi masa. Wanda kuma ya ce yana so ne, kyanta ke burge shi, cike sahu ke sanyaya masa rai, kuma kuɗin da yake sawa bai taɓa cefane ko kuɗin makaranta ba, ban ga abin da za a kama shi da shi ba. Rikicin gidan yayana ya samo asali ne daga cewa sha'awa yake yi amma kunya ta sa yake kiranta jari, ita kuma uwargida da ya ce jari sai ta auna shi da ma'aunin jari. Abin da ban iya samar wa uzuri ba shi ne biyan ninki saboda lamba 70 da takardar fitowar farko. Wannan ba kyau ake saye ba, tunda ido ba ya ganin bambancin, ba kuma azurfa ba, tunda nauyin ɗaya ne.

Ni dai da aka ce in zaɓi ɗaya in taho da ita, ba daga akwatin na zaɓa ba. Yayana da ƙaramin ɗansa suna da wata al'ada, su je banki su karɓo rabin daloli a naɗe cikin takarda, su zauna a tabarma suna duba gefensu. Mai jan zare a gefe jan ƙarfe ce, a mayar banki. Mai farin gefe tas ita ake nema, kuma sai a yi watanni ba a gamu da ita ba. A cikin wani kofi a kan firji akwai guda huɗu da suka tsinta. Ɗaya 'yar 1964 ce, kumatun Kennedy ya goge, akwai wani tsagi a kan gaggafar kamar an taɓa buɗe gwangwani da ita. Yaron ya ɗora ta a kan yatsa ya ƙwanƙwasa da biro, ta yi wata ƙara siririya mai tsawo, ya yi wa ta jan ƙarfe haka ta ce ƙwal ta yi shiru. Waɗanda ke cikin akwatin ma haka muryarsu take, amma ba wanda zai taɓa ji.

Daren da zan taso uwargida ta tuno da wata magana. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malamai da yawa na zamani ke ƙiyastawa giram 595. In kowace tana da giram 11.25, guda 53 sun kai. Ta sa aka sauko da akwatin aka ƙirga, da na biyu-biyu da ƙananan cikin saiti, ya wuce nisabi da nisa, shekara kuma ta daɗe da zagayowa. Ta ce to a kan wane farashi za a fitar da ɗaya bisa arba'in, na littafin masu tarawa da yake ta nuna mana, ko na dattijon mai shago?

Yayana ya gyara zama ya ce ai a azurfa nauyi ake dubawa, ba ado ba.

"Alhaji," in ji ta, tana miƙa masa sikelin kicin, "ashe ka sani."